Kwafin da Ke Bin Asali Sau da Ƙafa

A ranar 27 ga Yunin 2017, wata muguwar manhaja da aka yi wa laƙabi da NotPetya ta taso daga Yukiren ta afka wa kwamfutocin Maersk, kamfanin jiragen ruwan dakon kaya na ƙasar Denmak. Kamfanin yana da manyan kwamfutoci kusan 150 masu riƙe da rajistar ma'aikata da izinin shiga, kowacce tana kwafar 'yar'uwarta dare da rana. Wannan ya sa hankali ya kwanta, ana ganin in ɗaya ta faɗi saura za su tsaya. Sai dai duk a haɗe suke, cutar kuwa ta cinye su a lokaci guda. Guda ɗaya tak ta tsira, a wani ofishin kamfanin da ke Afirka ta Yamma, saboda an ɗauke wuta ta katse daga sauran. Da ita aka sake gina komai, bayan asarar da ta kai dala miliyan 250 zuwa 300.

Dace ne ya ceci Maersk, kuma bai kamata mai riƙon amanar bayanan jama'a ya jingina da dace ba. Tushen matsalar shi ne ana cakuɗa abubuwa biyu. Akwai kwafin kai-tsaye, inda duk abin da aka rubuta a wannan kwamfuta ake aika shi ga waccan. Akwai kuma ajiyar ko-ta-kwana, wadda ake ɗauka a wani lokaci a killace ta, ba ta sake canzawa. Na farkon kamar madubi yake, abin da ke gabansa yanzu kawai yake nunawa. In ma'aikaci ya goge fayil bisa kuskure, ko 'yan damfara suka kulle bayanai suna neman kuɗin fansa, kwafin zai ɗauki ɓarnar yadda take cikin daƙiƙoƙi.

Mai saita kwafin kai-tsaye yana da zaɓi biyu tun farko. Zai iya cewa kada a tabbatar da kowane rubutu sai kwamfuta ta biyu ta amsa cewa ta karɓa. Babu abin da zai salwanta, amma aiki zai yi nauyi, domin haske a cikin wayar gilashi yana cin kimanin kilomita 200,000 ne a daƙiƙa, kuma kowane saƙo sai ya je ya dawo. Ko kuma ya bar ta farko ta ci gaba da aikinta, ta biyu ta biyo baya. Wannan ya fi sauri, yana kuma ba da damar kai kwafin nesa, sai dai duk abin da ke kan hanya lokacin da aka yi hatsari ya tafi. Nisan kuwa yana da amfani: a Maris na 2021 gobara ta ƙone cibiyar ajiyar bayanai ta kamfanin OVHcloud da ke Strasbourg a Faransa, kuma wasu da ajiyarsu ke cikin harabar suka rasa asali da kwafi tare.

Abin da ya faru da kamfanin GitLab a ranar 31 ga Janairun 2017 ya fi kowanne tsaya mini a rai, domin a wajen gyaran kwafin kansa aka yi ɓarin. Ma'ajiyar bayanai ta biyu ta yi baya sosai, wani injiniya ya tsaya cikin dare zai share ta ya sake kwafa daga farko. Ashe a kan ta asali ya ba da umarnin. Kafin ya tsayar, daga kusan gigabayit 300 saura kamar 4.5. Aka juya ga ajiya, sai aka tarar manhajar da ke ɗaukarta tsohon zubi ce, ba ta dace da ma'ajiyar ba, ta daɗe ba ta ajiye komai. Saƙonnin gargaɗin da take aikawa ta imel ma ba sa isa ga kowa. Wani kwafi da aka ɗauka da hannu sa'o'i shida kafin nan aka samu aka farfaɗo da shi, aikin mutane na waɗannan sa'o'i kuwa ya tafi ke nan.

A ganina, wanda aka ɗora wa aikin kare bayanai ya fara da tambayar shugabanninsa: aikin minti nawa za mu iya jure rasawa, sa'a nawa za mu iya zama a rufe? Amsar ce za ta nuna masa irin kwafin da zai saita. Manhajojin ma'ajiyar bayanai PostgreSQL da MySQL duka suna ba da damar jinkirta kwafi da gangan, a bar shi baya da sa'a ɗaya ko fiye, yadda in an yi kuskure za a tare shi kafin ya isa can. A ƙara da ƙa'idar nan ta 3-2-1: kwafi uku, a na'urori iri biyu, ɗaya a wani gari daban, kuma zai fi kyau a ce ba a haɗe yake da intanet ba. Sannan a sa rana a kalanda, a ɗauko ajiyar a zuba ta cikin sabuwar kwamfuta, a buɗe fayilolin a gani da ido, a rubuta tsawon lokacin da aikin ya ci da sunan wanda zai maimaita shi wata mai zuwa.