Lambun Tsakar Gida: Tun Bazara Ake Ɗaura Masa Niyya

Duk shekara, da zarar watan Afrilu ya raba tsakiya, akwai kukan da ba ya sauyawa a gidajenmu: kayan miya sun yi tsada. Tumatirin da ake zubarwa a bakin titin Kwanar Gafan a watan Fabrairu saboda rashin mai saye, shi ne ake kasa shi ƙwaya huɗu-huɗu a watan Yuni, ana sayar da shi kamar magani. Dalilin a fili yake. Yawancin tumatirin da Arewa ke ci daga noman rani yake fitowa, a wurare irin su Kadawa da Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke ratsawa, da sauran fadamunmu. Idan zafi ya tsananta, wannan noma sai ya ja baya, na damina kuma bai iso ba, sai a bar tukunyar talaka a tsakiya.

Wani lokaci ma abin ya kan wuce na al'ada. A shekarar 2016, tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ta fito, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. A tsakiyar 2024 kuwa, shekara guda bayan cire tallafin man fetur, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. A irin wannan hali, abin da ake fara ragewa a gida shi ne ganye da kayan lambu, domin tuwo dole ne, miya kuwa ana iya tsinka ta da ruwa. Sakamakon yana fitowa a jikin yara da mata. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin ɗari na ƙananan yaran Nijeriya da kashi 58 na mata masu shekarun haihuwa suna fama da ƙarancin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a kowace rana. Mai karatu ya dubi kwanonsa na jiya da daddare, ya yi wa kansa hisabi.

Lambun tsakar gida ba zai sauke farashin kasuwa ba, ba kuma zai maye gurbin manomi ba. Abin da zai yi shi ne ya sa gida ya riƙa samun ɗanyen ganye a watannin da kuɗin cefane ba ya kaiwa. Sai dai yawancin masu gwada shi suna karaya tun a makon farko, kuma babban dalili shi ne kuskuren lokaci.

Bazararmu daban, ta Turai daban

Matasa da dama suna koyon lambu ne daga bidiyon intanet da littattafan da aka rubuta domin Ingila ko Amurka. A can, abokin gabar mai lambu shi ne sanyin ƙanƙara, don haka watan Maris da Afrilu su ne lokacin da ƙasa ke farfaɗowa, a fito da irin tumatir da latas da kabeji. Masu fassara sun saba kiran wannan lokaci nasu da sunan bazara, alhali bazararmu ita ce tsakiyar wuta. A Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi, zafin rana a watan Afrilu yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. Tumatir kuwa, idan zafi ya wuce digiri 35 da rana, dare ma bai yi sanyi ba, sai furensa ya kakkaɓe ba tare da ya ƙulla ɗa ba. Latas kan yi ɗaci ya miƙe ya yi fure, kabeji ya ƙi dunƙulewa. Wanda ya dasa waɗannan a watan Afrilu ya ga sun lalace, sai ya ce hannunsa ne ba shi da albarka, alhali kalandar wasu ya ara.

Manomin karkara bai taɓa yin wannan ruɗani ba. Shi a wurinsa bazara lokacin sharar gona ne da kai taki da gyaran garma da tanadin iri, domin ya san ba a fafe gora ranar tafiya. Mai lambun gida ma haka ya kamata ya ɗauke ta. Yana da makonni da dama tsakanin farkon Maris da saukar ruwan shuka, wanda yakan zo a watan Mayu a yankin Zariya, ya kai ƙarshen Mayu ko Yuni a Kano da Sakkwato. Abin da ya yi a waɗannan makonni shi zai nuna abin da zai tsinka a damina.

Ayyukan bazara

Aikin farko shi ne zaɓen wuri. Kayan lambu suna bukatar rana ta kimanin awa shida, kuma a ƙasarmu hantsi ya fi musu amfani a kan ranar azahar. Gefen katangar da ke samun rana tun safe, inuwa ta rufe shi da la'asar, shi ne zaɓi. A guji ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro, inda inuwa da saiwa za su yi wa shuka kishiya, a kuma nisanci bakin masai da makwararar wanka. Kada a fara da babban fili. Faɗin mita ɗaya da tsawon mita uku ya isa mafari, domin hannu zai kai tsakiyarsa ba tare da an taka ƙasar ba.

Na biyu shi ne taki, kuma a nan ne bazara ta fi amfani. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, na awaki da na shanu kuma yana zuwa da irin ciyawa. Maganinsa a haƙa ɗan rami, a riƙa jera kashin dabbobi da busasshen ganye da ɓawon kayan miya da ɗan toka, hawa-hawa, a yayyafa ruwa ya yi danshi, a rufe, a riƙa juyawa duk bayan mako biyu. Zafin da ke hana mu barci shi ne ke dafa wannan haɗi, cikin wata biyu ya zama baƙi mai laushi, mai ƙanshin ƙasar da ruwan farko ya jiƙa. Wannan ba baƙon ilimi ba ne. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin ƙauyukan kewayen Kano tun shekarun 1960, ya bayyana yadda manoma suke noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu, da taimakon takin da jakuna ke ɗebowa daga cikin birni. Bambancin shi ne bolar wancan zamani toka ce da kashin dabbobi, ta yau kuwa cike take da leda da matattun batura da kwalaben magani. Takin da za a zuba wa abin da yara za su ci, gara a haɗa shi a gida.

Na uku shi ne shinge. Akuya ɗaya tana iya share wahalar wata biyu kafin a idar da sallar la'asar, kaji kuma su tone abin da ta bari. Darnin kara ko tsohuwar waya ya wadatar. Ƙadangare ma yana son ɗanyen tsiro, kuma tsohon gidan sauron da ya riga ya yage ya daina aiki yana hana shi.

Siffar wurin shukar ma tana bin lokaci. Masu lambun rani suna yin komi mai ɗan zurfi domin ya riƙe ruwa. Wanda ke shirin damina kuwa tudu zai yi, ko kunya mai tsawon kamar santimita 20, domin ruwan Agusta ya wuce ba tare da ya ruɓar da saiwa ba.

Abin da ya dace a shuka

Ganyayen da kakanninmu suka zaɓa ba a banza suka zaɓe su ba, su ne masu jure zafinmu. Alayyahu shi ne abokin mafari: a gauraya ƙananan irinsa da yashi a yafa, cikin mako huɗu zuwa biyar an fara yanka, kuma idan aka bar gindinsa zai sake tohowa. Wanda ke da ɗan ruwa yana iya shuka shi tun Afrilu. Kuɓewa ma tana son zafi. A jiƙa irinta ya kwana, a shuka da tazarar kamu ɗaya, cikin wata biyu ta fara 'ya'ya, kuma yawan tsinka yana ƙara mata haihuwa. Yakuwa da rama da lalo ba sa neman wata kulawa da zarar ruwa ya zauna. Kabewa a kai ta gindin katanga ko rumfa ta hau, ba ta ci fili ba. Barkono da attarugu da gauta kuwa reno suke bukata: a yafa irinsu a tsohuwar roba a inuwa, a dasa bayan mako biyar ko shida, da yamma, idan damina ta kankama.

Zogale ya cancanci matsayi na musamman. Bishiya biyu ko uku a kusurwar gida suna ba da ganye kusan duk shekara, ganyen da ke ɗauke da sinadarin ƙarfe da sinadarin bitamin A da kuma furotin. Sirrinsa shi ne a datse kansa idan ya kai ƙirjin mutum, domin ya yi rassa a inda hannu zai kai, maimakon ya miƙe kamar sandar tuta.

Tumatir da latas da kabeji da karas da albasa kuwa su jira lokacinsu. Ana renon irin tumatir a ƙarshen Satumba ko Oktoba, a dasa bayan kamar mako huɗu, hunturu ya raine shi. Kafin nan mai lambu ya riga ya koyi halin ƙasarsa a kan ganyayen da ba sa saurin fushi.

Uzuri biyu

Uzurin da aka fi kawowa shi ne ruwa, kuma ba na wasa ba ne ga wanda ke sayen kowace jarka a hannun 'yan garuwa. Amma a yi lissafi. A tsananin zafi, murabba'in mita ɗaya na lambu yana shan kimanin lita shida zuwa bakwai a rana, wato jarka mai lita 25 ta ishi ɗan lambun da aka ambata. Gidan da ke da mutum shida, idan kowa ya yi alwala sau biyar da lita ɗaya, lita 30 ke bin rariya kullum. A tara shi a baho, a haɗa da ruwan wankin shinkafa da na kayan miya, an sami abin da ake nema. Ruwan da ke da omo ko bilic ko maiƙo ne kawai ba a so. A yi ban ruwa da sassafe ko da yamma, a kuma rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa, a ɗan janye shi daga jikin shukar saboda gara. Tsohuwar dabarar binne tulun ƙasa har wuya a tsakiyar shuka, a cika shi da ruwa ya riƙa tsattsafowa a hankali, tana rage asara ƙwarai.

Uzuri na biyu shi ne fili. Mun shiga zamanin da mai gida ke shafe tsakar gidansa kakaf da siminti, yana ganin ƙasa alamar ƙauyanci ce, ɗan haya kuma ba shi da ikon haƙa rami. Buhun shinkafa da ya ƙare yana warware wannan. A huda ƙasansa, a cika shi da kashi biyu na ƙasa, ɗaya na taki, ɗaya na yashi, zai riƙe kuɓewa biyu ko barkono biyu ko alayyahun miya guda. Ranar tashi kuma a ɗora shi a mota tare da sauran kaya.

Akwai wata riba da ba a auna ta da kuɗi. Masana a jami'o'inmu sun sha nuna damuwa a kan ganyen da ake shayarwa da gurɓataccen ruwan masana'antu da na kwatoci a bakin rafuka irin su Jakara da Challawa, saboda ƙarafa masu guba da ke taruwa a cikinsa. Mai lambun gida ya san ruwan da ganyensa ya sha, ya san abin da aka fesa masa. Idan ƙwari suka taso, dakakkun 'ya'yan darbejiya da aka jiƙa suka kwana, a tace a fesa da yamma, suna korar da yawa daga cikinsu.

A shekarar 1976, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, ta bukaci ma'aikata da makarantu da barikoki su noma duk filin da ke kusa da su. Shirin bai daɗe ba, kamar yawancin abin da ake soma shi da biki. Darasinsa shi ne lambu ba ya rayuwa da sanarwar rediyo, sai da wanda zai duba shi kowace safiya. Duk da haka hukumomi suna da rawar takawa. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da takwararta ta kayan lambu mai reshe a Bagauda suna da ilimin da ya kamata ya iso unguwanni cikin harshen Hausa, bisa kalandarmu, tare da ƙananan ƙullin iri mai kyau da talaka zai iya saye. Makarantun firamare da na Islamiyya kuma su dawo da lambun makaranta, domin yaron da ya ga ƙwayar kuɓewa ta zama miya cikin wata biyu ba zai raina manomi ba.

Amma magidanci ba ya bukatar jiran kowa. Ya dubi inda hantsi ke sauka a gidansa, ya haƙa ramin taki a wannan makon, ya ajiye buhunan da za a jefar, ya tambayi dattijon lambun da ke kusa da shi irin da ya fi karɓar ƙasar unguwar. Guntun gatarinka, in ji Bahaushe, ya fi sari ka ba ni. Allah Ya kai mu damina lafiya, Ya sa ta zo da albarka.