Saitin STP da Yadda Yake Hana Madauki a Hanyar Sadarwa

Madauki yana samuwa a hanyar sadarwar kwamfutoci idan hanya fiye da ɗaya ta haɗa na'urori biyu, kamar a jona suwici biyu da kebul biyu, ko a soka bakunan kebul ɗaya a ramuka biyu na rauta guda. Ramukan da ke bayan rautar gida ko ta ofis ƙaramin suwici ne a haƙiƙa, don haka ita ma ba ta tsira ba. Saƙon IP yana ɗauke da ƙidayar da ke raguwa a kowace rauta har ya mutu, amma ƙunshin Ethernet ba shi da wannan ƙidaya. Saƙon da aka aika wa kowa da kowa sai ya yi ta zagaye yana ninkuwa. Kafin a ankara layi ya cushe, fitilun na'ura suna ta ƙiftawa, aiki ya tsaya cik.

Radia Perlman ce ta ƙirƙiro maganin a 1985, lokacin tana aiki a kamfanin DEC, kuma hukumar IEEE ta mai da shi ƙa'ida a 1990 da lambar 802.1D. Shi ake kira STP. Na'urori suna musayar ƙananan saƙonni masu suna BPDU duk daƙiƙa 2, su zaɓi ɗaya a matsayin tushe. Kowace ta nemi hanya mafi sauƙi zuwa gare shi, sauran hanyoyin kuma a toshe su a ajiye, sai babbar hanya ta yanke a buɗe su.

Wurin zaɓen tushe ne aka fi yin sakaci. Na'ura tana zuwa daga masana'anta da lambar fifiko 32768, kuma mai ƙaramar lamba ce ke cin zaɓe. Idan kowa ya bar tasa yadda take, sai a koma ga adireshin MAC mafi ƙanƙanta, wanda sau da yawa na tsohuwar na'ura ne. Ta haka wani tsohon suwici da ke lungu zai zama cibiyar dukan zirga-zirga, alhali babu wanda ya nufi hakan. Abin da ya dace shi ne a ba babbar na'ura 4096, mataimakiyarta 8192.

Tsohon STP yana cin daƙiƙa 30 zuwa 50 kafin ya buɗe hanyar ajiya. Sabon salonsa mai suna RSTP, wanda ya fito a 2001, yana yin haka cikin 'yan daƙiƙu, kuma shi ya kamata a zaɓa. A rautocin MikroTik ana samunsa a saitin gadar da ta haɗa ramukan.

Ramukan da kwamfuta ko firinta kaɗai ke shiga ana yi musu alamar ramin ƙarshe, abin da Cisco ke kira PortFast, domin su fara aiki nan take. Sai a haɗa da BPDU Guard, wanda ke rufe ramin da zarar saƙon BPDU ya shigo ta cikinsa, shaidar cewa wani ya jona suwici a inda ba a tanada masa ba.