Finafinan Daba da Tsiraici a Wayoyin Matasanmu: Ina Ribar, Ina Asarar?

A 'yan shekarun nan wani nau'in fim ya samu karɓuwa a garuruwan Makarfi, Ikara da Kudan. Fim ne na masu laifi, wanda ke haɗa daba, ƙwaya, fataucin mata da farautar 'yan sanda, wani lokaci kuma a cakuɗa shi da nuna tsiraici. A Gazara, kamar sauran garuruwan yankin, babbar ƙofar shigowarsa ita ce shagon mai caji da tura finafinai. Da yamma, bayan an taso daga gonar rake, za ka ga samari sun yi cincirindo a bakin teburin da aka jera wayoyi, kowace da lambarta a manne. Yaro ya miƙa memori da 'yan canjinsa ya ce, "A saka min mai zafi." Mai shago ba ya tambayar shekarunsa, shi ma yaron bai san abin da aka loda masa ba sai ya je ɗaki ya toshe kunne.

Me ya kawo wannan yayi?

Dalili na farko shi ne sauyin yadda ake kallo. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, kaset ake sakawa a tsakar gida, uwa da uba da yara duk suna zaune. Mai shirya fim ya san idon surukai na kansa, dole ya yi kara. Yau kallo ya koma na mutum ɗaya da wayarsa, kunyar da ke tsare mai kallo da mai shiryawa ta yi rauni.

Na biyu kasuwa ce. Satar fasaha ta kashe cinikin faifai, sai masu sana'ar suka koma shirye-shirye masu dogon zango a YouTube, musamman daga 2020 da Izzar So da Labarina suka yi tashe. A can yawan masu kallo ne kuɗi. Wanda yake son a latsa shirinsa a cikin ɗaruruwa, sai ya sa wuƙa ko surar mace a hoton talla.

Na uku, labarin laifi ya zama labarin rayuwarmu. Mutumin da ya ga ƙwacen waya da idonsa, ya kuma ji yadda aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari ranar 28 ga Maris, 2022, yana son ya fahimci su wane ne waɗannan mutane, kuma wa ke ɗaure musu gindi. Sai na huɗu: finafinan Legas da na Indiya suna kwararowa, fassarar Hausa kuma ta cire shingen harshe da a da yake rage musu masu kallo a ƙauye.

Alfanunsu

Zalunci ne a ce babu alheri a cikinsu. Oloture, wanda Kenneth Gyang ɗan Jos ya ba da umarni, ya kuma hau Netflix a 2020, ya bi wata 'yar jarida da ta yi shigar karuwai don tona asirin masu safarar mata zuwa Turai. Akwai wuraren da ido ba ya son gani, amma duk wanda ya kalla zai tashi da tsoron dillalan da ke yi wa 'yan mata alƙawarin aiki a ƙasar waje. Wannan gargaɗi ya shafe mu kai tsaye, domin da irin wannan romon baka ake kwasar 'ya'yan talakawa zuwa aikatau.

Shanty Town, mai kashi 6, wanda ya fito a Janairun 2023, ya nuna abin da kowa ya sani amma ba a cika faɗa ba: ƙasurgumin ɗan daba Scar, wanda Chidi Mokeme ya fito a matsayinsa, yaron wani babban ɗan siyasa ne. A gida kuma, shirye-shiryen A Duniya da Sanda sun kawo lungunan Kano gaban kyamara, da yaren 'yan daba da talaucin da ke haifar da su, bayan shekaru ana zargin Kannywood da maimaita soyayya da rawa. Sun fito da sababbin jarumai irin su Daddy Hikima, wanda aka fi sani da Abale, sun kuma samar wa matasa da dama abin yi.

Illolinsu

Babban aibin yana wurin da kyamara ke daɗewa. A Shanty Town, labarin yana cewa an zalunci matan da ke cikinsa, amma kyamarar tana tsayawa a kan jikinsu fiye da yadda labarin ke buƙata. Macen da aka sayar a cikin labari, sai a sake sayar da ita ga mai kallo. Fim ɗin da ya yi haka ya ci amanar darasin da ya ce ya zo koyarwa.

Aibi na biyu ya fi shafar namu na Hausa, waɗanda ba sa nuna tsiraici sosai amma suna ƙawata ɗan daba. Shi ke da zafafan kalamai, shi ake tsoro, shi 'yan mata ke so, ɗan sanda kuwa ko dai maciyin hanci ko abin dariya. Bayan an shafe makonni ana nuna shi yana cin karensa babu babbaka, sai a hukunta shi a mintunan ƙarshe a ce an faɗakar. Yaro ɗan shekara 13 ba hukuncin yake riƙewa ba, tafiyar da kirarin yake kwaikwaya a filin ƙwallo. Gaskiya ne daba ta girmi fim ɗin bidiyo, kuma rashin aikin yi da ƙwaya da siyasar banga su ne tushenta. Amma fim yana iya yi mata kwalliya, ya mai da abin kunya abin alfahari.

Takunkumi ya wadatar?

Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta sha ɗaukar mataki. A Satumbar 2021, ƙarƙashin Isma'il Na'abba Afakallah, ta hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane, shaye-shaye da ƙwacen waya. A farkon 2022 ta nemi daraktan fim ɗin Makaranta saboda kalaman da ke cikin tallansa. A Mayun 2025, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da shirye-shirye 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, kan rashin kawo su a tace.

Matakan suna da niyya mai kyau, amma suna da giɓi biyu. Ikon hukumar ya tsaya a iyakar Kano, alhali Ikara da Makarfi na jihar Kaduna ne, kuma babu jami'in da ke zaune a cikin memorin yaro. Sannan hana taɓa batun gaba ɗaya yana toshe bakin mai shirin kirki, ya bar fili ga na waje da ba a tace ba. Abin da ya kamata a auna shi ne yadda aka nuna laifin: an nuna hawayen uwar wanda aka kashe, ko ƙyallin wuƙar kawai?

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Marubuta su ba wanda aka zalunta murya daidai da ta azzalumi, su daina jingina da jikin mace don neman masu kallo. Masu tura finafinai a Gazara, Hunƙuyi, Ikara da Tashar Yari su haɗa kai su ware na manya, su ƙi loda wa ƙananan yara, hakimai da limamai su mara musu baya. Iyaye kuma, wanda ya saya wa ɗansa waya, haƙƙi ne a kansa ya san abin da ke cikinta.