Dashen Zuciya ko Ƙoda: Yadda Magunguna Ke Shafar Daskarewar Jini

A shekarar 1967 aka fara yi wa ɗan Adam dashen zuciya, a Afirka ta Kudu. A arewacin Nijeriya kuwa, dashen ƙoda aka fi sani. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya soma yin sa a 2002, na Jami'ar Maiduguri kuma a 2010. Wannan bayani ya shafi jama'ar Yusufari da Nguru da Gashuwa ƙwarai, domin ciwon ƙoda ya yawaita a yankinsu.

Ko zuciya aka dasa ko ƙoda, garkuwar jiki takan ɗauke ta baƙuwa, ta tasam mata da yaƙi. Saboda haka likita yakan ɗora majinyaci kan magungunan rage ƙarfin garkuwar muddin ransa. Amma waɗannan magunguna suna taɓa jini ta hanya biyu.

Da fari, wasunsu kan sa jini ya daskare inda bai kamata ba. Saikulosforin da takrolimus kan raunata cikin ƙananan jijiyoyi, gudajin jini su toshe su. Firednisolon kuma yakan ƙara wa jini saurin daskarewa. Alamominsa su ne kumburin ƙafa ɗaya tare da zafi, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, ko raguwar fitsari.

Na biyu, azatayofirin yakan rage aikin ɓargo, har ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini su yi ƙaranci. Sai a ga haɓo, ko jini daga dasashi, ko baƙin bayan gida.

Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin alamomin nan, a hanzarta kai shi asibiti mafi kusa, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru. Kada ya daina shan maganinsa da kansa, domin jiki zai ƙi dashen. Kada ya haɗa da maganin gargajiya ko na ciwon jiki ba da iznin likita ba. Ya sha ruwa gwargwadon yadda aka ƙayyade masa, musamman da bazara. In tafiya ta yi nisa, kamar daga Yusufari zuwa Kano, ya riƙa sauka yana miƙe ƙafa. Kada kuma ya tsallake ranar awon jini, domin riga-kafi ya fi magani.