Da Ruwan Ciki Akan Ja Na Rijiya: Guzurin Mayaƙan Rum

A watan Yunin shekarar 533, jiragen ruwa 500 na dakon kaya da 92 na yaƙi suka tashi daga Kustantiniya, wato Istanbul ta yau. Sarkin Rum Jastiniyan ne ya tura su ƙarƙashin sarkin yaƙinsa Belisariyus, su ƙwato Arewacin Afirka daga hannun ƙabilar Bandal, wadda ta yi kusan shekara ɗari tana mulkin yankin. Mayaƙa kimanin 15,000 ne a ciki, ban da ma'aikatan jirgi 30,000 da dawakai. Duk waɗannan bakuna sai an ci da su, an shayar da su, wajen wata uku a kan teku.

Ɓarna ta farko daga gida ta fito. Al'adar Rumawa ita ce a gasa burodin soja sau biyu, ya bushe ƙarau, don ya jure tafiya. Yahaya mutumin Kafadokiya, babban jami'in da ke riƙe da baitulmali, ya ga itace da ladan masu gashi sun yi masa yawa. Sai ya sa aka kai kwaɓin gidan wankan jama'a, aka ɗan gasa shi sama-sama a wutar dafa ruwa, aka zuba a buhuna. Kafin a isa Metoni a ƙasar Girka, burodin ya marmashe, ya yi funfuna. Prokofiyus, sakataren Belisariyus da ya yi tafiyar tare da su, ya rubuta cewa mutum kusan 500 suka mutu, tun ba a zare takobi ba. Dole aka sayi burodin garin.

Ruwan sha ma ya lalace a hanyar Sisili, da iska ta kwanta aka yi kwana 16 ana tsallakawa. Na jirgin Belisariyus ne ya tsira, domin matarsa Antonina ta ɗura shi a tulunan gilashi ta binne cikin yashi a ƙasan jirgi, inda rana ba ta kaiwa.

A Sisili, sarauniyar Gotawa Amalasunta ta buɗe musu kasuwa, suka sayi abinci da dawakai. A nan kuma suka ji cewa jiragen yaƙin Bandal sun tafi murƙushe tawaye a Sardiniya. Da suka sauka gaɓar Tunisiya ta yau, wasu sojoji suka shiga gonaki suka tsinki 'ya'yan itatuwa. Belisariyus ya hukunta su, ya umarci kowa ya sayi abin da zai ci da kuɗinsa. Ya san manomin da aka biya zai kawo hatsi gobe, wanda aka yi wa ƙwace kuwa zai ɓoye rumbunsa ya kai labari ga abokan gaba. A tsakiyar Satumba suka shiga Kartaj, babban birnin Bandal.

A Italiya ma, inda daga baya Belisariyus ya je yaƙi da Gotawa, ciki ne ya yi hukunci. A 537 Gotawa suka kewaye birnin Rum, suka datse magudanan da ke kawo ruwa, injinan niƙan da ruwan ke juyawa suka tsaya. Belisariyus ya ɗaure kwale-kwale bibbiyu a kogin Tiber, ya kafa duwatsun niƙa a kansu, igiyar ruwa ta ci gaba da juya su. Birnin ya jure shekara guda da 'yan kwanaki, har masu kewayen suka janye, yunwa da cuta sun cinye su.

Abin da dabara ta samo, rashin biyan albashi ya nemi zubarwa. Sojojin Rum da ke Afirka sun yi bore a 536. A 546, kwamandan da ke tsaron Rum, Besas, ya ɓoye hatsi yana sayarwa da tsada alhali mutane na cin ciyawa, har Totila sarkin Gotawa ya ci birnin. Sai a 552, da Jastiniyan ya turo Narsis da babbar runduna da kuɗin biyan bashin albashin sojoji, aka karya Totila a fagen Tagine.