Lauyan gwamnati da gidajenmu na Zongo: abin da yake yi da abin da ba ya yi

 

Ya 'yan'uwa, duk mazaunin Dichemso, ko Aboabo, ko Asawase, ko Akwatia Line ya san yadda rigimar gida da fili take yawan kai mutane gaban malamai da sarakunan Zongo. Wani an sayar masa da filin da aka riga aka sayar wa wani. Wata mijinta ya rasu, dangi sun ce ta kwashe kayanta. Idan magana ta yi zafi sai ka ji an ce, "Mu je wurin lauyan gwamnati." Da yawa suna zaton shi ne lauyan talaka na kyauta. Wannan zaton yana sa mutum ya ɓata watanni yana ƙwanƙwasa ƙofar da ba tasa ba. Don haka ya kamata mu san wane ne shi, mene ne aikinsa a harkar gidaje da filaye, kuma me ya sa muke bukatar 'ya'yanmu a wannan aiki.

Ƙasar da gidajenmu suke kai

Ba za a fahimci aikinsa ba sai an fahimci ƙasar Kumasi. Bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, Turawan Ingila suka mamaye ƙasar Tonawa, suka riƙe filayen da ke kewaye da barikinsu na tsakiyar gari. A 1943 aka yi dokar da ta mayar da filayen Kumasi hannun Asantehene. A zamanin Nkrumah kuma, dokokin 1958 da 1962 suka ɗora kula da filayen tsakiyar birni a wuyan gwamnati a matsayin amana. Shi ya sa har yau wani fili maganarsa tana Hukumar Filaye, wato Lands Commission, wani kuma sai an bi ta ofishin filaye na fadar Manhyia.

Kundin tsarin mulki na 1992, a sashe na 267, ya ce ƙasar kujerar sarauta amana ce a hannun sarki domin jama'arsa, kuma ya hana a mallaka wa kowa ita mallaka ta har abada. Ashe ke nan abin da muke kira "sayen fili" a Kumasi haya ce mai dogon wa'adi, wadda ake kira lis. Ta gidan zama yawanci shekara 99 ce. Wanda ba ɗan Ghana ba kuwa, sashe na 266 ya taƙaita masa shekara 50 a lokaci guda. A lura da lissafin: lis na shekara 99 da kakanmu ya sa wa hannu a 1930 zai ƙare a 2029. Ginin namu ne, amma tsayuwarsa a kan wannan ƙasa ta dogara ga takarda.

Dattawa ba su manta da Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. Mutanen Zongo da dama sun sayar da gidajensu da araha, wasu sun bar su amana a hannun maƙwabta ba tare da rubutu ba. Darasin wancan lokaci yana nan: wanda ba shi da takarda, maganarsa ba ta da nauyi ranar da abu ya rikice.

Wane ne lauyan gwamnati?

Sashe na 88 na kundin tsarin mulki ya sanya Antoni Janar babban mai ba gwamnati shawara a harkar shari'a. Shi ke da alhakin gurfanar da masu laifi, kuma duk ƙarar da za a kai gwamnati da sunansa ake shigar da ita. Lauyoyin da ke aiki a ƙarƙashinsa su ne lauyoyin gwamnati a asali, kuma suna da ofishi a nan Kumasi. Akwai kuma lauyoyin da suke aiki a Hukumar Filaye, da Ma'aikatar Ayyuka da Gidaje, da majalisun birni da na gundumomi. Dukkansu wakilan hukuma ne. Wanda suke karewa shi ne gwamnati da dukiyar jama'a baki ɗaya.

A harkar gidaje da filaye, aikinsu ya kasu kamar haka.

Na farko, rubuta takardu da tantance su. Lis na ƙasar kujera ba ya cika sai Hukumar Filaye ta amince da shi. Kafin nan ana duba ko wanda ya bayar yana da ikon bayarwa, ko taswirar ta dace da tsarin unguwa, ko an riga an yi wa wani rajistar wurin. Dokar 2008 ta haɗa sassa huɗu a hukumar: na awo da taswira, na rajista, na ƙiyasin daraja, da na kula da filayen gwamnati. Lauya yana bin fayil a tsakaninsu.

Na biyu, karɓar fili domin amfanin jama'a, kamar hanya, ko asibiti, ko faɗaɗa filin jirgin sama. Sashe na 20 ya wajabta biyan diyya mai adalci ba tare da jinkiri ba, kuma ya ba mai fili damar zuwa Babbar Kotu. Idan ba a yi amfani da wurin don abin da aka karɓe shi ba, mai shi na asali ne ke da haƙƙin fara mayar da shi. Dokar Filaye ta 2020 ta ƙara da cewa sai an ajiye kuɗin diyya a asusu na musamman kafin a karɓi fili. Lauyan gwamnati ne yake tsara sanarwar, shi ne kuma zai tsaya a kotu idan mai fili ya ce diyyar ta yi kaɗan. A wannan rana yana ɗaya ɓangaren ne, kai kuma kana bukatar naka lauyan.

Na uku, gurfanar da masu laifi. Sayar da fili ɗaya ga mutum biyu zamba ce. Ɗaukar 'yan daba su tsare fili su hana mai shi gini, Dokar Filaye ta 2020 ta yanke masa ɗaurin da zai iya kai shekara 15. A nan ne aikin lauyan gwamnati yake haɗuwa da bukatar talaka kai tsaye. Sai dai a sani, ɗaure ɗan zamba ba ya tabbatar maka da mallakar fili. Wannan wata ƙara ce daban da kai za ka shigar.

Na huɗu, tsara dokoki. Akwai sashe guda a ofishin Antoni Janar da ke rubuta ƙudurorin da gwamnati take kai wa majalisa. Kalma ɗaya da aka sa ko aka cire a can tana iya shafar dubban gidaje. Misali, dokar 2020 ta hana miji ko mata sayar da fili ko gidan da aka saya a cikin aure ba tare da rubutacciyar yardar ɗayan ba.

To, talaka ina zai je?

Idan rigimar haya ce, a je ofishin Rent Control. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin fiye da wata 6 a gaba, ko da yake kowa ya san ana neman na shekara ɗaya ko biyu a Kumasi. Ta kuma hana fitar da ɗan haya sai da umarnin kotu. Cire ƙyaure ko kwance rufi don a kori mutum ba hanyar doka ba ce. Shi ma ɗan haya ya sani, rashin biyan haya dalili ne da kotu take karɓa ta fitar da shi.

Idan ba ka da kuɗin lauya, akwai Hukumar Legal Aid, wadda dokar 2018 ta sake tsarawa. Lauyoyinta su ma gwamnati ke biyan su, amma su aikinsu tsayawa ne ga marar ƙarfi, kuma suna yin sulhu kafin a kai ga kotu. Wannan ita ce ƙofar da mafi yawan masu cewa "lauyan gwamnati" suke nufi.

Idan saye za ka yi, ka fara da bincike a Hukumar Filaye kafin ka ba da ko sidi ɗaya. Takardar ba da fili da sarkin unguwa yake bayarwa matakin farko ce kawai, kuma Kotun Ƙoli ta Ghana ta riga ta bayyana cewa ita kaɗai ba ta mallaka fili. Sai an sami taswira daga safiyo mai lasisi, an rubuta lis, an biya harajin hatimi, an yi rajista. Kada kuma a yi sakaci: dokar 1972 ta ba da shekara 12 a nemi fili a kotu. Wanda ya zuba ido wani yana zaune a filinsa har wa'adin ya wuce, haƙƙinsa yana iya faɗuwa.

Gado: inda doka da fara'id suka rabu

Wannan shi ne wurin da ya fi shafar mu. A da, dokar auren Musulmi ta 1907 ta yarda a raba gado bisa shari'ar Musulunci idan an yi wa auren rajista. Dokar gado ta 1985, mai lamba 111, ta soke wannan tanadi, ta zama ita ke hukunta dukiyar duk wanda ya rasu bai bar wasiyya ba, Musulmi ne ko waninsa.

A ƙarƙashinta, idan mamaci ya bar gida ɗaya, gidan da kayan cikinsa na mata da 'ya'ya ne. Sauran dukiya kuma a kasa ta 16: mata 3, 'ya'ya 9, iyaye 2, sai 2 da ake rabawa bisa al'ada. Mu ɗauka mutum ya bar mata da 'ya'ya da mahaifiya, da kuɗi sidi 480,000 ban da gida. A doka mata za ta sami 90,000, 'ya'ya 270,000, mahaifiya 60,000, kason al'ada 60,000, kuma mahaifiya ba ta da komai a gidan. A fara'id kuwa mata tana da sumuni, wato 60,000, mahaifiya sudusi, wato 80,000, 'ya'ya 340,000, namiji yana da rabon mata biyu, kuma gidan ma haka za a raba shi.

Muddin magada sun yarda malam ya raba, babu mai hana su. Amma ranar da ɗaya ya ƙi ya tafi kotu, alƙali dokar 1985 zai buɗe. Mafita tana cikin dokar wasiyya ta 1971: mutum ya rubuta cewa a raba dukiyarsa bisa fara'id, ya sa hannu gaban shaidu biyu a lokaci guda, waɗanda ba magada ba, ya ajiye ta a Babbar Kotu. Wannan ba ya karo da ƙa'idar sulusi, domin ba ƙara wa wani magaji aka yi ba, tabbatar da rabon Allah aka yi. A haɗa malami da lauya wajen rubuta ta. Korar bazawara da marayu daga gida kafin a raba gado kuwa laifi ne a dokar ƙasa, zalunci ne a addini.

Ga ɗalibanmu

Ɗalibai sukan tambaya ko ya halatta Musulmi ya yi wannan aiki. Wakilci a gaban alƙali sanannen babi ne a fiƙihu, kuma littattafan Malikiyya irin su Tuhfatul Hukkam na Ibnu Asim sun yi bayaninsa. Malamai kuma sun kafa hujja da Annabi Yusufu, alaihis salamu, wanda ya riƙe taskokin Masar a ƙarƙashin sarkin da ba addininsu ɗaya ba, domin ya tsare haƙƙin mutane. Sharaɗin shi ne kada mutum ya kare abin da ya san ƙarya ne, kamar yadda aya ta 105 ta Suratun Nisa'i ta yi gargaɗi a kan tsaya wa maha'inta.

Hanyar da aka saba bi ita ce digirin shari'a a jami'a, kamar Legon ko KNUST ta nan Kumasi, sannan horon aikin lauya irin wanda Makarantar Lauyoyi ta Ghana take bayarwa tun 1958, sannan rantsuwa da koyon aiki a hannun babban lauya. Mai shiga ofishin Antoni Janar yana farawa ne daga mataimakin lauyan gwamnati, ya riƙa hawa mataki-mataki.

Kada a shiga da kwaɗayin dukiya, domin manyan lauyoyi masu zaman kansu sun fi samun kuɗi. Jarrabawar aikin kuma mai nauyi ce. Za a zo da ambulan don fayil ya yi sauri ko ya ɓace. Babban mutum zai bugo waya a kan filin makaranta ko maƙabarta. Ɗan'uwa zai zo da zumunci yana neman a karkata masa. Hadisin Sa'idu ɗan Zaidu da ke cikin Bukhari da Muslim ya yi tsananin gargaɗi a kan cin ko da taƙi ɗaya na ƙasar wani, to yaya wanda alƙalaminsa zai iya mayar da eka goma daga hannu zuwa hannu?

Duk da haka muna bukatar su. Muna bukatar wanda ya san doka kuma yana jin Hausa, wanda zai zauna da tsohuwa ya bayyana mata abin da ke cikin takardar da za ta dangwala wa yatsa. Muna bukatar wanda ya san fara'id a teburin da ake tsara dokar gado, da wanda zai tuna da filayen masallatai da makarantun allo da aka bayar da baki shekaru aru-aru ba a rubuta ba.

Kafin nan, kowane maigida ya ciro takardun gidansa a wannan mako. Ya duba sunan wa ke kai, shekarar da aka sa hannu, da shekarar da wa'adi zai cika. Kwamitocin masallatai su ma su yi haka. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Wanda aka umarta ya rubuta bashi, bai kamata ya bar gidan 'ya'yansa babu rubutu ba.

Allah Ya tsare mana gidajenmu, Ya kiyaye mu daga cin haƙƙin wani, Ya shiryi 'ya'yanmu su riƙe amana.