Lambar Kuskure a Mota da Matakan Farko na Bincike

Tun shekarar 1996 aka wajabta tsarin OBD-II ga motocin da ake sayarwa a Amurka, wato ƙwaƙwalwar mota ta adana lamba idan ta hango tangarɗa, sannan ta kunna fitilar injin a gaban direba. Da yawa daga cikin motocin Beljiyam da ke zirga-zirga a Kumbiya-Kumbiya, cikin garin Gombe, suna ɗauke da shi.

Lambar tana nuna alamar ciwo ne kurum. Alal misali, P0171 na nufin iska ta rinjayi fetur. Da hunturu ƙura kan lulluɓe na'urar auna iska, don haka kafin a sayi sabon kaya sai a duba iyakilina, a wanke na'urar, a laluba robar iska ko ta tsage. P0301 kuwa silinda ta ɗaya ce ba ta kama wuta, fulogi ake fara cirewa, sannan kwail. Bakaniken da ya goge lamba kawai ya karɓi kuɗi ya cuci mai mota, domin fitilar za ta dawo.

Idan fitilar tana ƙyaftawa a tsaya nan take, saboda ɗanyen fetur yana ƙona matatar hayaƙi da ke jikin salansa, wadda kuɗinta ya ninka na fulogi sau da yawa.